Komawa Minecraft da abokai: me ya sa ba ma ganin juna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne a Garwa, mun yi Minecraft tun muna makaranta, yanzu muna so mu koma mu riƙa gini da noma da yamma don hutawa. Uku waya, ɗaya kwamfuta, ga kuma abokinmu a Injamena. Mun gwada, amma ba ma ganin juna a wasan.

Amsa: Wa alaikumus salam. Minecraft iri biyu ne, kuma ba sa haɗuwa. Na waya shi ne Bedrock, wanda kuka sani a da da sunan Pocket Edition. Mai kwamfutarku wataƙila Java, wato ɗaya irin, yake buɗewa. Sai ya koma Minecraft for Windows, shi ne ɗan'uwan na waya; tun 2022 ma tare ake sayar da su biyun. Idan tsohon asusun Mojang, kamfanin da ya ƙera wasan, gare shi kuma bai mayar da shi na Microsoft ba kafin a rufe ƙofa a 2023, sai dai ya sake saye.

Sai lambar siga. Tana ƙasa ta hannun dama a allon farko, kuma dole ta zo ɗaya a wurin kowa. A nan waɗanda suka karɓi wasan ta Xender ke shan wahala: kowa da tasa lambar, yawanci ba ya karɓar asusun Microsoft, wani ma da ƙwayar cuta yake zuwa.

Ku da ke gari ɗaya, idan kun haɗu a wuri ɗaya, ba ku buƙatar data. Mutum ɗaya ya kunna hotspot ya kashe data, sauran su hau. Mai wayar da ta fi RAM ya buɗe duniyar wasan, ya tabbatar Multiplayer Game da Visible to LAN Players suna kunne. Sauran za su gan ta a jerin da ke bayyana bayan sun danna Play. Na Injamena kuwa sai da intanet: kowa ya buɗe asusun Microsoft, kyauta ne, ku saka juna a abokai. Matsalar ita ce, da mai duniyar ya fita ko cajinsa ya ƙare, kowa ya fita. Realms, sabar kamfanin wasan da ke riƙe muku duniyar a intanet, na maganin wannan amma biya ake duk wata. Aternos, wani shafin da ke ba da saba, kyauta ne, sai dai akan jira layi, kuma yana rufewa idan babu kowa a ciki.

Tunda hutu kuke nema, ku sa wasan a Peaceful, ko Paisible ga mai waya da Faransanci. Ba dodo, ba yunwa. Kuma da zafin Garwa na Maris da Afrilu, ku rage Render Distance, wato nisan da wasan ke nunawa, zuwa 6, ku cire rigar wayar, kar a yi wasa tana kan caji. Waya idan ta ɗauki zafi da kanta take rage gudu, shi ne sarƙewar da ake ɗora wa netwok.

Tambaya: Malam, daga Marwa nake. Na haƙa a Y 11 (Y ita ce lambar tsayi ko zurfi a wasan) kamar da, ban samu lu'ulu'u ba.

Amsa: An sauya ƙasar, ɗan'uwa. Tun sigar 1.18 ta Nuwamba 2021 zurfi ya kai -64, tsayi 320. Kunna Show Coordinates don ka ga lambar Y, ka sauka wajen -58. Ka tafi da bokitin ruwa saboda narkakken dutse, da diga ta ƙarfe, domin ta dutse fasa lu'ulu'un kawai take yi ba ka samu komai ba. Idan tsohuwar duniyarka za ka buɗe, fara yin kwafinta, don da zarar sabuwar siga ta taɓa ta, tsohuwa ba za ta ƙara buɗe ta ba.