Wace ƙaramar kamara ta dace da ɗaukar hoto a kasuwar ƙauye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye kusa da Gumel. Ina ɗaukar hoton biki da suna da babbar kamara, amma abin da raina ya fi so shi ne hoton mutane a cikin harkarsu: ranar kasuwa, dillalan shanu, teburin mai shayi. Da na ɗaga kamarar sai kowa ya ƙame, wasu ma su tambaye ni ko tallafi za a kawo. An ba ni shawarar Ricoh GR III, ko Fujifilm X100V, ko Sony RX100. Wacce zan saya, kuma yaya zan yi in saba da ita?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Duk ukun kamarori ne na kirki, amma waɗanda suka yaba maka su ba a ƙurar hunturu suke aiki ba, don haka bari mu auna su da ma'aunin wajenmu.

Ricoh GR III ta fito a 2019. Nauyinta bai wuce giram 260 ba, tana shigewa aljihun gaban riga, kuma sensar da ke cikinta, wato abin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, babba ce, irin ta APS-C da ake sa wa manyan kamarori. Idonta ɗaya ne, mai faɗin 28mm, ba ya jawo abu daga nesa. Aibinta uku: ba ta da tagar leƙe, sai dai ka kalli sikirin, batirinta hoto wajen 200 yake ɗauka, sannan an san ta da shan ƙura. X100V ta 2020 ce, idonta 35mm, tana da tagar leƙe mai kyau, kuma in ka ɗaura mata zobe da gilashin kariya a gaba tana jure ƙura da yayyafi. Sai dai ta kusa rabin kilo, aljihu ba ya ɗaukarta, kuma tun da ta yi tashe a TikTok ko ta hannu ta yi tsada. RX100 kuwa sensarta ƙarama ce, amma tana da zum mai jawo abu daga nesa, kuma daga ta uku, wadda ta fito a 2014, an sa mata 'yar tagar leƙe mai tasowa.

In da hali, ni GR III zan ce ka ɗauka, don ita ce mutane suka fi rainawa, rainin nan kuwa shi kake nema. In kuɗi bai kai ba, nemi RX100 ta uku ta hannu, ba za ka yi da-na-sani ba.

Maganar ƙura ita ce babba. Idon GR da na RX100 fitowa yake ya koma duk lokacin da ka kunna ko ka kashe, kuma ta nan ƙura take samun hanya. Tun da ba a cire idon, ɗigon da ya sauka kan sensa ba ka da yadda za ka goge shi, sai mai gyara ya kwance ta. Saboda haka kafin ka biya kuɗin ta hannu a Kano, matse ƙofar haske iya ƙarshenta, wato f/16 a GR, f/11 a RX100, ka ɗauki sararin sama ko farin bango, ka buɗe hoton sosai. In ka ga baƙaƙen ɗigo a wuri ɗaya cikin kowane hoto, ajiye musu kayansu. In ka saya, kada ka jefa ta aljihu tsirara. Sa ta a 'yar jaka mai zif. A kan babur kuma, ta kasance a jikinka. A karar Maigatari ranar Alhamis, lokacin da ake koro garke ƙura ta turnuƙe, ba lokacin kunnawa da kashewa ba ne. Ko dai tana kunne tun farko, ko ta zauna a jaka.

Batiri biyu na ƙari dole ne. GR da RX100 duka suna caji ta USB, ko fawa banki ya ishe ka in babu wuta.

Sabo da ita ya fi sayenta wuya. Hannunka ya saba da zum, kana tsaye nesa kana jawo fuska. Da 28mm, in ka tsaya inda ka saba tsayawa, mutumin da kake so zai fito kamar ƙwayar gero a faifai. Dole ka matsa har ka ji ƙamshin shayin, mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Makon farko hotunanka za su cika da tarkace: rabin keke, ƙafar wani, leda a ƙasa. Kada ka karaya, ido ne bai koyi duba gefe-gefen hoto ba tukuna. In RX100 ka saya, tsayar da zum ɗin wuri ɗaya ka yi wata guda ba ka taɓa shi ba.

Ga saitin da nake fita da shi da rana: ƙofar haske f/8, saurin ƙiftawa 1/500, ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, a bar wa kamara ta zaɓa. A GR akwai tsarin da za ka ƙayyade nisa tun kafin ɗauka. Sa shi a mita 2.5; a f/8, komai daga mita ɗaya da 'yan kai har can nesa zai fito tar, ba jiran kamara ta lalubo fuska. Dillali ya kama hannun mai saye suna ciniki, ka danna, shi ke nan.

Ranar wajenmu kuma ba ta da sauƙi. Farar shadda tana ƙonewa a hoto, fuska a ƙarƙashin malafa ta yi duhu. Rage hasken kaɗan don rigar ta tsira, fuskar ka ɗago ta wajen gyara. Mafi sauƙi dai, ka yi aiki da hantsi ko bayan la'asar. Tsakar rana ka shiga rumfuna, inda haske ke tsiyayowa ta tsakanin zana.

Amma kada in ruɗe ka. A Landan ko Tokyo mai hoto yana ɓacewa cikin taro, babu wanda ya san shi. Kai kuwa an san mahaifinka, an san gidanku. Ƙaramar kamara tana rage tsoro ne kawai, ba layar zana ba ce. Sallama ita ce gaba. Ka gaida sarkin kasuwa ka faɗa masa abin da ke tafe da kai. Ka zauna a bencin mai shayi, ka sayi kofi ɗaya, kamarar tana kan cinyarka. Yara za su yanyame ka; ɗauke su, nuna musu, da sun gani za su watse. Bayan rabin awa hira ta koma kan farashin gero, an manta da kai, to a nan aikin yake farawa. Matan aure kada ka ɗauka sai da izini, wanda ya ɗaga maka hannu ka sauke, shingen jami'an tsaro kuwa, musamman ta bakin iyakar Nijar, ko kallonsa kada kamarar ta yi.

Wata kasuwar in za ka koma, wanke hoto huɗu ko biyar ka kai wa masu su. Wanda ya karɓi nasa yakan kira maƙwabcin rumfarsa ya ce a ɗauke shi shi ma.