Za mu koma sabar wani kamfani, yaya zan yi da rukunan rarraba imel?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da sashen kwamfuta a wani kamfani da aka haɗe da wani babba. An ba mu zuwa ƙarshen wata mu kwashe imel ɗinmu daga tsohuwar sabarmu ta Exchange 2016 mu koma tasu, wadda ke cikin wani Active Directory (kundin asusun ma'aikata) daban. Akwatunan saƙo ba su dame ni ba, mun gwada guda biyar sun wuce lafiya. Rukunan rarraba saƙo, wato adireshi ɗaya da ke raba saƙo ga mutane da yawa, su ne suka hana ni barci. Sun fi ɗari, wasu ma ban san wanda ya buɗe su ba. Ɗan kwangilar da aka kawo ya ce ba komai ba ne: a kwafi sunayen mambobi a Excel, a buɗe sababbi da adireshi iri ɗaya, a goge tsofaffin. Hankalina bai kwanta ba, kuma in abu ya lalace ni za a kama. Don Allah haka ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba. Ƙaurar kam dole ce, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Exchange 2016 tun 14 ga Oktoba 2025. Kuma gaskiya ne cewa rukuni ba ya ƙaura kamar akwati: Prepare-MoveRequest.ps1 da New-MoveRequest, umarnin da ake ƙaurar da akwati da su, ba aikinsu ba ne, sai dai a sake gina shi a can. Nan kaɗai ɗan kwangilarku ya yi daidai. Amma kada ka yarda a goge ko rukuni ɗaya sai ka fitar da abin da zan faɗa maka.

Kusan kullum sai na ji wani ya ce rukuni ai suna ne da adireshi da mambobi, in adireshin SMTP, wato adireshin imel na yau da kullum, bai canza ba to shi ke nan. Wannan magana ta jawo wa ma'aikata da yawa takardar tuhuma. A cikin gida Exchange ba da adireshin SMTP yake gane mutum ko rukuni ba. Yana da wani suna na ɓoye, LegacyExchangeDN, wanda ya gada tun zamanin Exchange 5.5. Ka gan shi: yana farawa da /o= da sunan ƙungiyarku, sai /ou=, sai /cn=Recipients/cn= da sunan rukunin. Wannan dogon sunan shi Outlook ke ajiyewa cikin tsofaffin saƙonni, cikin gayyatar taro da ke kalanda, da cikin sunayen da ke faɗo wa mutum da zarar ya buga harafi biyu. Ran da ka buɗe sabon rukuni a sabuwar saba, ko da sunan da adireshin sun zo daidai harafi da harafi, za a ba shi sabon LegacyExchangeDN. Ga Exchange, wannan wani baƙo ne.

Na ga abin da idona a wata ma'aikata da aka kira ni bayan ɓarna ta riga ta auku. An yi ƙaura ran Asabar, an gwada, an ce komai lafiya, aka rufe tsohuwar saba. Litinin da safe wata baiwar Allah a sashen kuɗi ta buɗe saƙon makon jiya, ta danna amsa ga kowa, ta haɗa takardar albashi. Nan take ya dawo mata da wani dogon rubutu mai farawa da IMCEAEX-_o= da lambar kuskure 550 5.1.1. Ta sake turawa, ya sake dawowa. Kafin azahar wayar sashen kwamfuta ba ta huta ba. Abin da ya ruɗe su shi ne gwajin ran Asabar ya yi aiki, saboda mai gwajin da hannu ya buga adireshin. Ma'aikaci kuwa ba ya buga adireshi, amsa yake dannawa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne maganin da masu ƙaramin sani ke bayarwa: wai a bi kwamfuta ɗaya bayan ɗaya a share sunayen da Outlook ya haddace. Kitso da ƙwarƙwata ke nan. To, ka share. Saƙonnin shekara takwas da ke akwatin shugaban kamfani fa, su ma sharewa za ka yi? Taron mako-mako da aka gayyaci rukunin tun bara fa? Duk suna ɗauke da tsohon sunan, kuma duk ranar da wani ya taɓa su sai saƙo ya dawo. Wani kuma zai ce laifin DNS ne, wato tsarin da ke nuna wa saƙo sabar da zai je, a jira kwana biyu ya bazu. Saƙon da bai fita daga gida ba, me ya haɗa shi da DNS? Za a jira kwana biyun, ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa, ya kashe waya, a bar ka da masu ƙorafi.

Maganin bai fi layi ɗaya ba. Ka ɗauki tsohon LegacyExchangeDN na kowane rukuni, ka sa masa X500: a gaba, ka ƙara shi cikin adireshin sabon rukunin da Set-DistributionGroup ta hanyar EmailAddresses. In tsohon rukunin yana da wasu X500 daga wata ƙaura ta baya, su ma ka ɗebo su. Kada ka dogara da ADMT, manhajar Microsoft ta ƙaurar da asusu daga wani Active Directory zuwa wani, a nan, domin a yadda yake zuwa tsallake mail da proxyAddresses yake yi. In kuwa an riga an goge wani, ana iya ciro sunan daga saƙon da ya dawo: ka cire IMCEAEX- da alamar @ da duk abin da ya biyo bayanta, ka mai da kowane _ ya zama /, +20 ya zama tazara, +28 da +29 su zama bakan buɗewa da na rufewa, +2E ya zama ɗigo. Ana yi, amma yi wa rukuni ɗari haka, kana jiran kowanne sai ya ba wani kunya kafin ka samu, wahala ce da ba dole ba.

Wajen fitar da bayanan ka kula da abu uku. Get-DistributionGroupMember yana tsayawa a mutum 1000 in ba ka sa ResultSize Unlimited ba. Export-Csv a Windows PowerShell 5.1 yana rubutawa da ASCII, don haka duk sunan da ke da ɗ, ƙ ko ɓ zai fito da alamar tambaya, sai ka sa Encoding UTF8. Sannan gurbin da ke ɗauke da adireshi da yawa ba ya fita daidai a CSV sai ka haɗa su da join, ko ka ajiye kwafi na biyu da Export-Clixml. Mambobi kuma ka riƙe su da adireshinsu, kada ka riƙe su da sunan da ake gani, don Musa Ibrahim ba ɗaya ba ne a kamfani.

Bayan X500, abin da aka fi mantawa shi ne wa ke da ikon turawa. Sabon rukuni yana zuwa ne da RequireSenderAuthenticationEnabled a kunne, wato ba ya karɓar saƙo daga waje. Rukunin da kwastomomi ke rubuto wa zai fara korar su, kuma ku ba za ku sani ba, su za a mayar wa saƙon. Har abokan aikinka da ba su ƙaura ba tukuna zai iya ɗaukarsu baƙi, in ba a saita amincewa tsakanin sabobin biyu ba. Ɗaya ɓangaren ya fi muni: rukunin dukkan ma'aikata da a da mutum uku kaɗai ke iya tura masa, in ka manta AcceptMessagesOnlyFrom, ya zama dandali. Haka ManagedBy, wato mai kula da rukunin, da masu tantance saƙo, da waɗanda aka ɓoye daga littafin adireshi. Rukunin tsaro mai imel kuwa yana riƙe da izinin shiga manyan fayiloli ta SID ɗinsa, wato lambar shaidarsa ta tsaro, shi ADMT da SIDHistory, mai riƙe tsohuwar lambar, yake buƙata. Masu sabunta kansu, Dynamic, ba mambobi za ka kwafa ba, matatarsu za ka sake rubutawa daidai da OU, wato sassan Active Directory, na sabon gida.

Tsarin aikin: a fara samar da mutanen a sabon gida a matsayin masu adireshi, a gina dukkan rukunan babu kowa ciki, sannan a zuba mambobi, don rukunin da ke cikin wani rukuni ya tarar da ɗan'uwansa. Ka sa a hana ƙara ko cire mamba har a gama, kuma ka samu wannan a rubuce daga shugabanka.

Ran gwaji, kada ka buga adireshi da hannu. Ka zauna a kwamfutar wani ma'aikaci da aka riga aka ƙaurar, ka nemo saƙon bara da aka tura wa rukunin, ka danna amsa ga kowa. Ka sabunta wani tsohon taro a kalanda. Ka turo daga Gmail ɗinka. In ukun nan sun wuce, ka sa wa ɗan kwangila hannu. Tsohon Active Directory kuma a bar shi yadda yake aƙalla wata guda bayan ƙaura.