Ko makiyayi a Amurka zai iya ƙin biyan kuɗin tallata nama?

Malam, ka tambaya ko makiyayi a Amurka zai iya ƙin biyan kuɗin hukumar tallata naman shanu, kuma wa ke sa ido kan zamanta. Ba zai iya ba, domin dokar 1985 ta wajabta dala 1 kan kowace saniya ko sa da aka sayar, mai jinkiri kuma a ƙara masa kashi 2 cikin 100 duk wata. Kafin hukumar ta zauna, dole ta sanar da Ma'aikatar Noma don wakilinta ya halarta, kuma ma'aikatar ce ke amincewa da kasafinta. Abin da ya fi muhimmanci a ganina, an haramta kashe kuɗin wajen kamun ƙafa a majalisa. Wasu makiyaya sun kai ƙara, amma Kotun Ƙoli ta goyi bayan gwamnati a 2005.