Tikitin waya ko na takarda a wurin wasanni?

'Yar'uwa, kin tambaya wanne ya fi in za ki kai yara babban wurin wasannin yara, tikitin waya ko na takarda. Ni dai na waya nake zaɓa, amma da sharaɗi.

Na'urar bakin ƙofa lambar tikitin kawai take karantawa, ko a takarda take ko a fuskar waya. Fifikon na waya shi ne yana ajiye a asusunki na intanet. Ko wayar ta ɓata, za ki same shi ta wata. Takarda kuwa in ta jiƙe a lilon ruwa ko ta zame daga jaka, sai dogon bayani gaban ma'aikata, yara na tsaye a rana.

Matsalar tikitin waya ita ce caji da intanet. Ɗaukar hotuna wuni guda yana cinye batir, ga intanet da ke nauyi inda jama'a suka cika. Ki sauke tikitin cikin manhajar ajiye tikiti ta waya, wato Google Wallet ko Apple Wallet, tun daga gida in an ba da dama, ki ƙara hasken waya kafin layi ya zo kanki don na'urar ta iya karanta lambar.

In manyan yaran za su ware su shiga daban, ki buga wa kowa nasa ya riƙe.