Ga ƙanwar da littafi ya shiga tsakaninta da mijinta

Assalamu alaikum. Ƙanwata da aka ɓoye sunanki, kin ce kin biya kuɗin wani littafin soyayya mai zafi da ake saki a WhatsApp, tun da kika fara shi mijinki ya soma fita a ranki, kina tambaya ki ƙarasa ko ki bari. Wallahi ina karantawa idona ya ciko, kamar ɗakina kika leƙa kika rubuta. Na ga wasu sun rufe ki da zagi, wasu kuma na cewa ai ilimin zaman aure ne, ki sha karatunki. Ni ba zan zage ki ba, don na sha wannan ruwan har ya shaƙe ni.

Ni tsohuwar makaranciya ce. Tun muna makarantar kwana muke cusa littafin haya a tsakiyar littafin lissafi. Ina ajin ƙarshe a 2007 lokacin da Malam Shekarau ya cinna wa littattafan Hausa wuta a ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu, muka yi ta jin haushi. Amma yawancin waɗancan, in an kai amarya ɗaki marubuciya jan ƙofa take yi ta ce asuba ta gari. Na yanzu ba a jan ƙofa. Wancan kuma takarda ne, Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tana iya kama shi a kasuwa. Wannan yana cikin waya, wayar tana ƙarƙashin filo.

Aminiyata ce ta sa ni. Layinmu ɗaya, Islamiyyarmu ɗaya, ita ce babbar ƙawa ranar aurena. Ta turo mini shafukan kyauta, kin san yadda suke yi, daidai inda aka ɗaura auren sai a ce daga nan na kuɗi ne. Na tsakuri naira 500 a kuɗin cefane na tura, aka sa ni a zauren masu karatu. Jarumin irin wanda kuka sani ne, matashin likita miskili mai kuɗi, ba ya gajiya, ba ya zufa, ba a taɓa bin sa kuɗin haya ba. Shi kuwa Abban yara a Kantin Kwari yake wuni a tsaye, ya dawo bayan isha da ƙura har gira, da ledar burodi a hannu. Ledar nan da nake tara da murna sai ta koma tana ba ni haushi. In ya yi sallama gabana ba ya faɗuwa don ɗoki, tsaki nake yi a zuci don ya katse mini shafi. Asuba nawa na makara, Allah kaɗai ya sani.

Ranar da aka saki shafin daren farko zaure ya rikice, kowa na zuba sharhi, wata ta ce nata kaza, wata ta ce nata kaza. Ni ma shaiɗan ya ja hannuna na rubuta layi uku a kan mijina. Ba zan maimaita ba. Na manta ma na rubuta. Ashe aminiyar nan tawa ta ɗauki hoton rubutun ta ajiye. Wata huɗu tana ajiye da shi, tana shigowa gidana, tana cin abincina, tana goya mini yaro. Wata huɗu fa! Sai da muka samu saɓani a kan kuɗin adashi, kuɗin da bai kai na atamfa ɗaya ba, ta tura wa ƙanwar mijina, ƙanwarsa ta kai wa Hajiyarsu. Da daddare ya shigo ya miƙo mini wayarsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ashe haka nake a wurinki." Ya ɗauki filo ya koma falo. Sati uku na yi a gidanmu, Babanmu ko gaisuwata ba ya amsawa. Ita kuwa da ta turo mini littafin da hannunta, ita ce ta bi dangi tana cewa dama ta daɗe tana yi mini nasiha. Har yau in na tuna yadda ta riƙe mini mayafi ranar da za a kai ni sai ƙirjina ya yi zafi. Da azumin bana ta turo saƙon neman gafara, irin wanda ake tura wa kowa da kowa. Ban amsa ba, kuma kada wata ta ce mini in amsa, ban kai nan ba tukuna.

Laifina ban ɗora wa kowa ba. Malamarmu ta karanta mana hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa cikin mafi sharrin mutane ranar ƙiyama akwai mai yaɗa sirrin shimfiɗar aurensa, na zauna a bayan aji ina kuka.

Kada ki ƙarasa shi, ƙanwata. Na san abin da ke ranki, kina son ganin ko jarumar za ta yafe masa. Za ta yafe, kullum yafewa suke, sai a sako miki tallar sabo. Kuɗin da kika biya ki bar shi ya tafi. Kayan matan da ake talla a saman kowane shafi ma ki kiyaye, na saya, babu abin da na tsinta sai ciwon mara. Ki sa wa wayarki makulli in kina da 'yan mata a gida, don wannan gargaɗin da suke rubutawa wai na matan aure ne kawai ba ya hana yarinya 'yar shekara 14 buɗewa, ƙara mata ƙwaɗayi ma yake yi. Ba duka marubuta nake nufi ba, akwai masu alƙalami mai tsafta, har yanzu ina karanta su kuma ina biya.

Abu ɗaya ba zan ƙaryata ki ba: ƙishin da kike ji gaskiya ne. Mazanmu da yawa kalma mai daɗi tsada take yi musu. Amma shi za ki faɗa wa, da bakinki, a ɗakinku. Ni sai bayan na dawo na iya buɗe baki, ya yi shiru ya saurara, ashe shi ma yana da nasa ƙorafin da ya haɗiye shekara da shekaru. Mun gyaru, alhamdulillahi, amma Hajiya har gobe ba ta sakar mini fuska kamar da.

Yanzu faɗa mini, kin riga kin rubuta wani abu a kansa a zauren nan? In kin rubuta, ajiye amsata ki je ki goge wa kowa, don kusan kwana biyu kawai WhatsApp ke ba ki dama, in ya wuce yana nan a wayoyin mutane. Kin goge, ki fita daga zauren a daren nan.