Furen fiyoni na daji zai yi a Jos kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya kawo mini saiwar furen fiyoni daga Turai, ya ce irin na daji ne. A Rayfield nake zaune. Tunda Jos akwai sanyi, zai yi? Yaya zan kula da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Fiyoni (peony a Turance) furen ado ne na ƙasashen sanyi, kuma gaskiya sanyin Jos bai kai wanda yake buƙata ba. Asalinsa kudancin Turai ne, da tsaunukan Kaukasus, da Saberiya, da arewacin Sin. A can da sanyi ya shigo ganyen yake bushewa ƙurmus, saiwar ta kwanta a ƙasa, kuma ba ta ba da fure sai ta yi aƙalla makonni shida cikin sanyin da bai haura digiri 7 ba. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, amma ko a tsakiyar hunturu dare ne ke yin sanyi, rana na fitowa ƙasa ta ɗumame. Sau da yawa ganye ake samu babu fure, saiwar kuma tana ramewa shekara bayan shekara.

In kina son gwadawa, firji zai tsaya miki a madadin sanyin. Ki sa saiwar a leda da dusar katako mai ɗan laima, ki ajiye ta wata biyu a inda ake sa kayan miya, ban da wajen ƙanƙara. Sai dai fa in wuta na yawan ɗaukewa, wahalar banza ce.

Bayan nan ki dasa ta a babbar tukunya mai huda a ƙasa, cikin ƙasar da kika haɗa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Nan ne mutane suka fi kuskure: jajayen idanun da ke saman saiwar, wato inda tsiro ke fitowa, kada su nutse cikin ƙasa fiye da santimita 3 zuwa 5. In suka yi zurfi, fure ba zai fito ba. Ranar safe ta ishe shi. A Yuli da Agusta ki janye tukunyar ƙarƙashin rumfa, don ruwan Jos na ruɓar da saiwa. Tururuwar da za ki gani a kan furen kafin ya buɗe zaƙi take sha, ba ta cutar da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne, fiyoni ba ya son a riƙa tono shi, ga shi dole ki maimaita firjin duk shekara. In manyan furanni masu cika ido kike so, ki haɗa da furen daliya (dahlia a Turance), wanda ke jin daɗin yanayin Filato.