Lambar Gwajin Tantancewa da ta Allurar Rigakafi: Wace Zan Sa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cike wa wani asibiti a Amurka takardun neman biya ta intanet. Inshora tana yawan dawo mana da na gwajin sukari da na leƙen hanji. Sannan, kowace allurar rigakafi da tata lambar ne? Daga wata mai karatu, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ta allura ce mai sauƙi. A tsarin ICD-10-CM (lambobin da ke nuna ciwo ko dalilin zuwa asibiti), wanda Amurka ta koma kansa ranar 1 ga Oktoba, 2015, lamba ɗaya ce ga kowace rigakafi: Z23. Irin allurar kuwa lambar CPT (lambar aikin da aka yi) ce ke nuna shi, sannan yin allurar ma da tasa lambar: 90471 ga ta farko, 90472 ga kowace ƙari. Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, tana da nata, misali G0008 ga yin allurar mura. In yaro ya zo duba lafiya na al'ada aka yi masa allura, Z00.129 ke gaba, Z23 ta biyo. In iyaye suka ƙi, Z28.82.

Gwaji ne ke wahalar da mutane. Kafin ki taɓa lamba, karanta abin da likita ya rubuta: me ya sa aka yi gwajin? Tantancewa ta mai lafiya ce wanda bai kawo ƙorafi ba. Shi ake sa wa Z13.1 ta sukari, Z12.11 ta kansar hanji, Z12.31 ta hoton nono, Z11.4 ta HIV. Wanda ya zo da yawan ƙishirwa, ƙorafinsa za ki sa, R63.1. Wanda aka riga aka san yana da sukari kuwa E11.9 ce ko 'yar'uwarta. Sa masa Z13.1 kuskure ne da ke dawo da takarda.

Leƙen hanji ki kula da shi sosai. In an shiga don tantancewa aka tarar da tsiro aka cire, Z12.11 ba ta gusawa daga gaba. Abin da aka gani, kamar K63.5, ya zo na biyu. Ki liƙa wa lambar aikin ƙarin alama 33, ko PT in Medicare ce. In kika juya jerin, inshora za ta ɗauke shi binciken ciwo, a cazi mara lafiya kuɗin da bai kamata ya biya ba.

Kada ki sauya lamba don kawai a biya; mayar wa likita ya fayyace rubutunsa. Kuma ana sabunta lambobin kowace 1 ga Oktoba, don haka ki bi littafin ranar da aka yi aikin.